Garin da Ba a Amsa Sallama

Manfuha, Riyad
Farkon watan Rajab

Zuwa ga Malama Jamilatu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar Inna Delou? Ki ce mata ɗanta Nafiou na Makka yana gaishe ta, don na san a wurinta duk Saudiyya Makka ce, ko da mutum ya shekara bai ga Ka'aba ba.

Kin ce in riƙa rubutawa a takarda in ɗauki hoto in turo, tunda Inna ba ta ji sosai a waya, ke sai ki karanta mata a tsanake. Ga shi na yi. Sai dai ki ajiye jan biron nan naki na makaranta, ni direba ne. Zumuncin da ke tsakaninmu ma sai an zauna an bi kakanni kafin a gano shi, bai kai na a duba mini rubutu ba.

Albishirinki. 'Ya'yan marigayi kafil ɗin kawunki, wato Balaraben da ya tsaya masa a takardun zama, sun sa hannu, takardar huruj ta fito, wato izinin barin ƙasar gaba ɗaya. Amma tana da wa'adi: dole Baba Almustafa, yayan Inna, ya tashi kafin azumi, in ba haka ba ta mutu, iƙamarsa kuwa, takardar zamansa, babu mai sabunta ta. Mutanen Damagaram da ke nan sun haɗa hannu an yanki tikiti. Jakarsa ma na ɗaure.

Jikinsa da sauƙi. Yana ci, yana barci, ba ya wasa da salla. Kan ne dai sai a hankali. Wata rana ya gane ni, wata rana ya kira ni da sunan wani abokinsa da aka binne tun ban zo ƙasar ba. Idan mun watse zuwa wuraren aiki yana nan zaune kan katifa da igiyar awo a wuya, yana jiran masu ɗinki, alhali shagon nasa na unguwar Batha an daɗe da mayar da shi wurin sayar da wayoyi. Magana ɗaya ce ba ta ɓace masa: "Yaushe za mu gida? Delou na jirana." Wannan kam safe da yamma.

Akwai wani abokin aikina, Kamil, shi ne mai yi wa masu yawon buɗe ido bayani idan na tuƙa su. Kakanninsa Kanawa ne da suka zo aikin hajji suka zauna, shi a nan aka haife shi, Hausar tasa sai kin yi haƙuri. Wasu Turawa miji da mata sun kama motarmu su kaɗai ranar Juma'a, za mu kai su fadar Masmak, daga nan wani tsohon gari da ake kira Ushaiƙir, sai ga shi sun fasa. Kamil ya ce maimakon motar ta wuni a ajiye, mu ɗauki tsoho ya sha iska, mutum ya ƙare ƙuruciyarsa a ƙasa bai taɓa ganin komai ba sai keken ɗinki da masallaci. Gine-ginen laka ne, Jamilatu, irin namu sak. Turawa daga uwa duniya suke tasowa su kalli abin da mu muke rushewa mu zuba siminti.

Zan turo muku hotuna.

Naki,
Nafiou

*

Birni, Damagaram
Tsakiyar Rajab

Nafiou,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya lau. Ƙafar Inna tana nan yadda ka sani, amma tun da na karanta mata batun huruj ta manta da ita. Jiya na kama ta tana jan buhun gero daga ɗakin zaure, wai nan Kawu zai sauka, kuma ba ta yarda yara su share mata ba, don sharar yaran yanzu tsakar ɗaki kawai take sani.

Hotuna sun iso tun ranar Juma'ar. Wasiƙar fa? Ko mutanen Makka sun fi ƙarfin biro?

Ba ka ga yadda aka yi da hotunan nan ba. Wayata ta zaga unguwa har ta yi zafi. Inna ta rantse lungun da ke hoto na biyu lungun gidan limamin da ne, har ta nuna mana inda ake ɗaure jaki. Na ce mata Saudiyya ce, ta ce to Larabawa sun iya kwaikwayo. Wanda ya fi taɓa ta shi ne na ƙarshe, inda Kawu yake zaune kan dakali ya ɗaga hannuwa yana addu'a. Ta daɗe tana kallo. Ta ce godiya yake yi wa Allah da ya nuna masa lokacin komawa. Ni kaina da ban taɓa ganinsa ba sai a waya, na yi hawaye. Allah ya saka muku, kai da Kamil ɗin.

Abu ɗaya ne ban gane ba. Na kira ka ranar Lahadi in haɗa su, ka ce yana barci. Na sake kira, ka ce ya fita alwala. Na san gajiyar hanya ga tsoho ba ƙaramin abu ba ce, amma gajiya har yau? Ka rubuto mini ranar tashi da kuma ko ta Yamai zai sauka ko ta Kano, don maigidan ya nemi izini a wurin aiki ya je tarba.

Jamilatu

*

Manfuha
Ƙarshen Rajab

Jamilatu,

Sallama da gaisuwa. Lafiyata ƙalau, ta Baba ma ta jiki ƙalau. Wannan wasiƙar ki fara karanta ta ke kaɗai.

Na ga saƙonninki duka. Na yi shiru ne ina jiran abin ya wuce da kansa, kamar yadda sauran ruɗewarsa ke wucewa. Bai wuce ba.

Ga yadda aka yi. A Masmak komai lafiya. Ya shafa bango, ya ɗaga kai ya kalli zankwaye, ya ce an yi wa fadar Sarkin Damagaram sabon yaɓe. Muka yi dariya ni da Kamil. Da ina da hankali, a nan zan juya mota.

Hanyar Ushaiƙir doguwa ce, sahara hagu da dama. Ya yi barci tun muna fita gari, bai farka ba sai da na tsaya a ƙofar garin. Ya buɗe ido ya ga katangun laka da dabino. Ya ce, "Har mun iso?" Na ce, "Mun iso, Baba."

Jamilatu, mutumin da sai na riƙe shi yake hawa bene, ya bar sandarsa a mota. Ya shiga lungu kamar mai sauri zuwa sahu. Rufin azara, indararo, ƙananan tagogi, har ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, don an yi yayyafi. Ni daɗi nake ji, na ja baya ina ɗaukar hoto, na bar shi da Kamil. Ya yi kwana hagu, ya yi dama, ya tsaya a wata ƙofa ya gyara hula ya yi gyaran murya ya yi sallama. Shiru. Ya sake. Sai ya ga kwaɗo a jikin ƙofar. Ya matsa ta gaba ya yi sallama, ya kira sunan wani. Ya matsa ta gaba. Garin nan an gyara shi ne don kallo, yawancin gidajen a kulle suke, masu su suna Riyad. Ranar kuma ko masu yawo babu, kowa ya tafi masallaci.

Sauran Kamil ne ya faɗa mini daga baya. Baba ya juyo ya ce masa, "Yaro, ina mutanen unguwar nan?" Wannan tambayar kullum ana yi wa Kamil ita, kuma amsarta a bakinsa take, da Larabci da Turanci. Sai ya ba shi ita da guntuwar Hausarsa, yana kiransa ya ammi, wato kawu da Larabci: "Sun tashi da daɗewa, ya ammi. Manya sun mutu, yara sun koma birni. Ba kowa."

Baba ya ce, "Har Delou?"

Kamil bai san wace ce Delou ba. Ya ɗauka sunan wata zuriya ce. Ya ce, "Duka, ya ammi. Duka."

Hoton nan da Inna ta daɗe tana kallo, daga nesa na ɗauke shi, na turo miki nan take ina murna. Ba godiya yake yi ba. Addu'ar mamata yake yi mata.

Tun da muka dawo ya kwance jakar. Ya shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa, duk wanda ya shigo daga aiki sai ya miƙa masa hannu yana jiran ta'aziyya. Yaran ɗakinmu tun suna cewa ba haka ba ne har suka gaji suka fara cewa Allah ya ji ƙanta, don in ba su faɗa ba ba ya cin abinci. Na zaunar da shi na yi bayani. Na nuna masa taswira. Kamil ya zo ya durƙusa ya rantse da Allah cewa garin Larabawa ne. Ya saurare mu tsaf, sannan ya ce, "Na je na gani da idona. Na yi sallama a ƙofar ubana ba a amsa ba. Ku yara ne, kuna so ku sanyaya mini rai, Allah ya yi muku albarka."

Abin mamaki, mutumin da ke manta ya karya kumallo, wannan ɗaya ta zauna daram. Na kunna masa muryar Inna da kika turo kwanaki. Ya ce ai waya tana ajiye muryar matattu. Na nuna masa hotonta, ya ce wannan tsohuwar wace ce? Shi Delou da ya sani ita ce ƙanwar da ya baro tana amarya.

Na ce masa jirgi na nan tafe. Ya ce, "In je wurin wa?"

Ban san abin da zan yi ba. Wallahi ban sani ba.

Nafiou

*

Birni
Sha'aban ya kama

Nafiou,

Na amsa sallamarka. Lafiyar jiki muna da ita.

Na karanta. Na rufe wayar na shiga aji na koyar, amma ban san me na faɗa ba. Na so in rubuto maka da zafi, na ma rubuta, na yaga. Kai ne ka ɗauke shi ka sa a ɗakinka lokacin da ba wanda ya waiwaye shi. Amma Nafiou, kai ma ɗan Birni ne. Ka ga lungunan nan kafin shi. Ko sau ɗaya zuciyarka ba ta ce maka komai ba?

Inna na ce mata an ɗaga tafiyar saboda takardu. Ta dube ni ta ce wasiƙar da ta gani a wayata doguwa ce, yaya karatun ya zama gajere? Na ce rubutunka ne manya-manya. Kullum da yamma tana sa a fitar mata da kujera ƙofar gida.

Na bincika ko za a kawo ta Umra ya gan ta ido da ido. Likita ya ce ƙafar nan da zuciyar nan ba za su kai ta ko Yamai ba. Ni kuma ko na zo, wace ce ni a wurinsa? An haife ni yana can.

Ba za a iya ɗaukarsa kawai a sa a jirgi ba? Ku ce masa Makka za ku. Ku ce masa duk abin da za ku ce. Idan ya sauka ya ga Birni na gaskiya da hayaniyarsa da awakinsa, ya ji muryarta a tsakar gida, na tabbata zai dawo hayyacinsa. Ƙarya ce, na sani, zunubin a kaina.

Azumi na matsowa. Don Allah kada ka sake yi mini shiru, gara mummunan labari da rashinsa.

Jamilatu

*

Manfuha
Bayan tsakiyar Sha'aban

Jamilatu,

Gaisuwa mai yawa. Ki yafe shirun, an tura ni arewa da wasu baƙi, da na dawo kuma abubuwa suka taru.

Shawararki na bi. Na ce masa Makka za mu, ya sa farar rigarsa, muka je filin jirgi. Har gaban kanta lafiya. Sai ma'aikacin ya karanta tikiti da ƙarfi ya ambaci Yamai. Baba ya kama ƙarfen layin da hannu biyu. Da Larabci tsantsa, wanda ban taɓa jin ya yi irinsa ba, ya ce wa mutumin ana so a kai shi inda ba shi da kowa a yar. Mutane suka taru. Suka ce ba za su ɗauki fasinja da ƙarfi ba, sai da takardar likita da ɗan rakiya, kuma sai ya yarda da bakinsa. Ni kafil ɗina ya ce lokacin baƙi ne, ko kwana ɗaya ba zai ba ni ba. Muka dawo gida da shi.

Kamil tun ranar nan ba ya iya haɗa ido da ni. Shi ya kawo dabara. Ya ce tunda garin da babu kowa ne ya kashe masa Delou, mu koma mu sa mutane a garin. Ya san mai ɗaya daga cikin gidajen, ya karɓo makulli. Akwai Mansura, wata dattijuwa 'yar Maradi da ke sayar mana da tuwo a nan Manfuha, muka roƙe ta. Ta ce ita ba ta taɓa yi wa babba ƙarya ba. Da ta zo ta gan shi kan tabarmar makoki, ta ce a gaya mata abin da za ta faɗa.

Abin da muka tsara: ta amsa a matsayin Inna, ya ga tana da rai, sannan ta ce masa an koma sabon gida mai nisa, sai an hau jirgi, ita za ta yi gaba ya biyo ta.

Juma'ar da ta wuce muka yi. Yaran ɗakinmu suka riga mu da wata mota, suka zazzauna kan dakali kamar 'yan unguwa. Mansura ta share tsakar gidan, ta hura gawayi, ta ɗora miyar kuka. Tun daga bakin lungu ƙamshin ya tare mu. Baba ya tsaya cik. Ya taka a hankali har ƙofar. Sannan ya yi sallama can ƙasa-ƙasa, kamar mai tsoron a ji.

Daga ciki aka ce, "Wa alaikumus salam. Maraba da Yaya."

Ba zan iya rubuta miki yadda ya yi ba. Na fita na tsaya bayan katanga. Kamil na can ya riga ni, ya kifa fuska a bango.

Ya ci tuwo. Ta zauna gefe ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, yana ta ba ta labarin mutanen da ba ta sani ba, tana cewa haka ne. Ya zaro wani yadi daga cikin rigarsa, ashe tun tuni yana ɓoye da shi, ya ce tsarabarta ce. Da rana ta yi sanyi na yi mata ido. Ta faɗi abin da aka ce ta faɗa.

Ya yi dariya, Jamilatu. Dariyar da ban taɓa ji ba tun da na san shi. Ya ce, "Delou, har yanzu ba ki bar shirme ba. Ga gidan ubanmu, ga ki, ga ni. Jirgin me? Yaron nan ma da mota ya kawo ni."

Ta sake gwadawa. Ya ce ta ƙara masa miya.

Yanzu ya naɗe tabarmar makoki. Yana ci, yana raha, yana tsokanar yara. Kullum da safe zai sa hula ya ce in kai shi wurin Delou, ai gida kusa ne. Maganar jirgi kuwa ko saurara ba ya yi. Na kai masa ita da rai, amma na kai masa wata. Takardar saura ƙiris ta mutu. Na je wurin babban ɗan kafil ɗinsa in roƙa a soke huruj ɗin a mayar da shi kan iƙama, ya ce in sha Allah, irin in sha Allah ɗin da ba ka san ko e ba ce ko a'a.

Mansura ta kawo mini yadin. Ta ce ba nata ba ne, tana jin kanta kamar ɓarauniya. Ta ce ba za ta sake ba sai mai sunan ta sani.

Me zan ce mata? Me za ki ce wa Inna?

Nafiou

*

Birni
Jajiberin azumi

Nafiou,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya kai mu watan lafiya. Yara suna gaishe ka.

Wannan karon ban rage komai ba. Na zauna kusa da kunnenta mai ji na karanta mata wasiƙunka biyu daga farko har ƙarshe. Na yi zaton za ta faɗi. Ba ta faɗi ba. Da na kai inda ya yi mata addu'ar mamata, ta ce, "Allah ya karɓa, ai ba ta ɓaci ba, tana nan tana jirana." Ta saurara har na gama. Sai ta ce, "Ya ci tuwon?" Na ce ya ci. Ta ce, "Ya ƙara?" Na ce ya nemi ƙarin miya. Ta gyaɗa kai.

Ni ce na yi ta kuka ina cewa a sake gwada likita, a sake gwada filin jirgi. Ta ce in bari. Ta ce mutumin da ya riƙe ƙarfe da hannu biyu, ko an kawo shi gangar jikinsa za a kawo, ya zo ya dube ta ya tambayi wace ce wannan tsohuwar. Ta ce wannan ba za ta iya ɗauka ba. Ta sa an mayar da buhun gero ɗakin zaure.

Ka ci gaba da bin ɗan kafil ɗin, ba mu da wata ƙofa sai tasa. Sauran kuma saƙo ne zuwa ga Mansura, daga bakin Inna, ta ce in rubuta yadda ta faɗa kada in gyara.

Ta ce tana gaishe ta, ta yafe mata, ta kuma ba ta aron sunan har ranar da ita Inna ko shi Kawu wani ya riga wani barin duniya. Yadin ta ɗinka ta sa ranar da zai zo, zai duba.

Ta ce amma ta gyara abu uku. Ita ba ta taɓa ce masa Yaya ba, Dogo take ce masa, tun suna yara, uwarsu ta yi dukan duniya ba ta bari ba. Idan ya kawo tsaraba kada ta yi godiya, ta juya ta ta ce wannan ce duka? Haka suke yi, in ta gode zai gane ba ita ba ce. Miya kuma ta rage barkono, yana sa shi tari, ba zai faɗa ba.

Na ɗauka ta gama har na rufe biro, sai ta kamo hannuna. Ta ce idan ya tashi tafiya ta raka shi har zaure, kuma kada ta kuskura ta ce masa sai wata rana. Ranar da ya bar gidan nan haka ita Inna ta ce masa. Mansura dai ta riƙa ce masa sai gobe.

Jamilatu